Abin da gyaran kwamfutocin gida ke koyarwa game da antibairos na kyauta

Yawancin kwamfutocin da ake kaiwa wurin mai gyara da ƙorafin bairos suna ɗauke da antibairos, wani lokaci har biyu. Matsalar tana wurin saiti ne.

A fara da abin da ke hannu. Windows 10 da 11 suna zuwa da Microsoft Defender a ciki, kyauta, kuma ga kwamfutar da ake rubutu, kallo da karatun yara, ya wadatar. Sai dai da zarar an saka wani antibairos, Defender yakan ja da baya ya bar masa aiki. Nan ake samun ɓaraka. Sabuwar kwamfuta takan zo da manhajar gwaji ta kwana 30, wa'adin ya cika, ta daina sabuntawa, mai ita kuma yana ganin alamarta a ƙasan allo yana zaton akwai mai gadi. A cire ta gaba ɗaya, a sake kunna kwamfutar, sannan a buɗe Windows Security a tabbatar Defender ya karɓi aiki.

Kada a haɗa masu gadi biyu da ke aiki a kowane lokaci. Kowane zai riƙa binciken fayil ɗin da ɗayan ya taɓa, kwamfuta mai RAM gigabait 4 da tsohon faifan ajiya (hard disk) sai ta koma tafiyar hawainiya. Antibairos ɗin Malwarebytes na kyauta daban ne, domin bayan gwajinsa ya ƙare sai an kira shi yake bincike, don haka yana zama lafiya da Defender.

A cikin Windows Security, a shiga Virus & threat protection, sannan Manage settings, a kunna Real-time protection, Cloud-delivered protection da Tamper Protection, wanda ke hana bairos kashe kariyar da kansa. Daga nan a gangara zuwa Exclusions, wurin da kusan kowa ke tsallakewa. Masu saka manhajar sata sukan sa babban fayil a wannan jerin don kada a goge musu kaya, wasu ma har faifan C, inda Windows take, gaba ɗaya. Duk abin da ke ciki, Defender ba ya duba shi. Abin da ba ka san dalilinsa ba, cire shi.

Sai batun data. Mai haɗa kwamfuta da waya yakan saita layin a matsayin mai ƙidaya (metered connection) don tattali, Windows kuma sai ta jinkirta sabuntawa. Aƙalla sau ɗaya a mako a shiga Protection updates a danna Check for updates da hannu. Inda babu intanet sam, ana sauke fayil ɗin sabunta Defender mai suna mpam-fe.exe daga shafin Microsoft a wata kwamfutar, a kawo a filash a buɗe shi.

Filashin kansa shi ne babbar ƙofa a wurarenmu, musamman wanda ya je shagon buga takardu. Idan fayiloli suka koma gajerun alamu masu kibiya, kar a danna ko ɗaya. Fayilolin na asali ba su ɓace ba, ɓoye su aka yi. A bincika filashin da Defender, a goge alamun, sannan a buɗe Command Prompt a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* tare da sauya E da harafin filashin. Idan cutar ta riga ta kama kwamfutar, a zaɓi Microsoft Defender Offline, wanda ke bincike kafin Windows ta tashi, kimanin minti 15. A tabbatar akwai caji.

Wanda ya fi son antibairos ɗin Avast ko AVG, ya sani gida ɗaya ne tun 2016, kuma a 2024 FTC, hukumar kare masu sayayya ta Amurka, ta ci Avast tarar dala miliyan 16.5 kan sayar da bayanan shafukan intanet da masu amfani ke ziyarta. Lokacin sakawa a zaɓi saitin hannu, a cire alamar burauza da sauran tarkacen da ake liƙawa, a kashe raba bayanai.

Windows 7 kuwa ta daina samun gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020, tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare 14 ga Oktoba 2025. Antibairos ba ya toshe ramin da ke jikin Windows ɗin kanta, don haka irin wannan kwamfutar a daina shiga banki da ita har sai an ɗaga ta.