Talata: kwas ɗin da rangwamensa zai ƙare ƙarfe 12 na dare

Tun da asuba saƙon ya shigo WhatsApp, wai yau rangwame zai ƙare. Sati biyu ke nan maganar tana cina. Abu biyu ne a gabana: kwas na koyon sayar da kaya a intanet, na naira 45,000 da ake biya sau ɗaya, da wata ƙungiya ta 'yan Amurka da ake biyan kuɗin mamba da dala duk wata, su riƙa turo maka jerin kayan wasa da littattafan da za ka saya da araha ka sayar a kasuwannin intanet na eBay ko Amazon. Kuɗin kuwa na Yaya ne, kwasar adashinta ce ta ranta mini, shi ya sa hannuna ya yi nauyi.

Da hantsi na hau keke zuwa Kasuwar Barci. Na tarar Baba mai kayan wasan gwanjo ya kwance sabuwar dila, yara sun yi masa zobe. A cikin tarin na tsinci ƙaramar mota Hot Wheels, ja, fentin hancinta ya ɗan goge. Na kifa ta, sai ga 1982 da Malaysia a rubuce a cikinta. Mutane da yawa suna ɗauka shekarar ƙira ce, alhali shekarar rajistar fasalin ce, kamfanin Mattel mai ƙera ta na iya ci gaba da buga irinta shekaru masu yawa bayan nan. Waɗanda masu tarawa ke rububi su ne na farko, daga 1968 zuwa 1977, masu jan layi a gefen taya. Wannan ban biya ko kwabo ba na san shi.

"Ɗana, ɗari biyar ce, daina juya ta haka," in ji Baba.

"Baba, a yi mini ragi, gobe ma rana ce."

Ya sallama a ɗari huɗu. Na zauna a bencinsa na buɗe eBay, na tace sakamakon zuwa kayan da aka riga aka sayar, domin farashin da mai kaya ya rataya ba shi ne ciniki ba. Irin motata 'yan daloli kaɗan take tashi. eBay zai cire sama da kashi 13 cikin ɗari, kuɗin aika ta daga Kaduna kuma ya fi ƙarfin motar kanta. Amazon kuwa shagon ƙwararru dala 39.99 ne duk wata, ko ka sayar ko ba ka sayar ba.

A nan ne ƙungiyar ta fita daga raina. Jerin da suke turowa na wanda zai tuƙa mota ya shiga babban kantin Walmart na Amurka ne ya kwashi kayan wasan Lego da aka karya wa farashi. Ni Tudun Wada nake.

Mai kwas ɗin na tura masa tambaya uku: ta wace hanya kuɗi ke shigo masa asusu a nan Najeriya, ya nuna mini kaya biyar da ya aika da kansa, kuma in ban gamsu ba ana mayar da kuɗi? Ya turo hotunan alat, ya ce in yi sauri. Abin ya sosa mini rai, domin da zuciya ɗaya na tambaya.

Da la'asar na biya wajen mai tsofaffin littattafai. Na samu guda uku bugun Kamfanin Gaskiya na Zariya, takardarsu ta yi ruwan ƙasa, babu lambar shaidar littafi ta ISBN a bayansu, don haka manhajar duba littattafai da ake koyarwa a kwas ba za ta ma gane su ba. Amma na san masu nemansu: ɗaliban Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello, da malaman da ke bincike a Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da ke nan Kaduna. Zariya kuwa mota ɗaya ce daga tashar Kawo.

Bayan isha'i na faɗa wa Yaya. Ta ce, "To me za ka biya ka koya?" Na ce ɗaukar hoto mai kyau da naɗe kaya, daga bakin wanda ya taɓa aikawa daga nan, kuma darasi ɗaya tak, ba na wata-wata ba. Ta ce in riƙe dubu goma, saura in sayi kaya.

Yanzu sha ɗaya da rabi. Na shimfiɗa farin kyalle a kan tebur, na jera littattafan uku, gobe da safe in hasken taga ya shigo zan ɗauke su hoto.