Awakin ƙauye ne suka fara koya min aikin dashen itace

Shekarar da na fara aikin sa kai a harkar dashen itatuwa, ni a tunanina matsalar kawai rashin wayar da kai ne, in ka tara mutane ka yi musu bayanin kwararowar hamada shikenan an gama. Muka je wani ƙauye a arewacin Jigawa cikin watan Agusta, mota cike da dashen darbejiya, aka raba riguna da huluna masu tambari, dagaci ya dasa na farko akai tafi akai hoto, muka ba matasa ɗan alawus, kowa ya watse yana murna.

Da na koma a watan Afrilu, tsakiyar bazara, wallahi kunya ta kama ni. Ramuka kawai na tarar da 'yan tsinkaye, awakin da aka saki bayan kaka sun cinye, sauran rana ta ƙone. Na samu wani dattijo a gindin gawo cikin gonarsa na fara ƙorafi wai mutanen garin ba su kula ba. Ya bar ni na gama tsaf sannan ya ce, "Ɗan nan, ai itacen naku ne, mu mun zaci za ku dawo ku ba su ruwa." Na ce Baba ai don ku muka dasa. Sai ya nuna min wasu ƙananan gawo da aduwa da ya zagaye da ƙayar magarya, babu wanda ya biya shi ko sisi, ya ce waɗannan su ne nasa.

Daga baya ne na gane abin da mutanen Maraɗi suka riga mu ganewa tuntuni. Can a 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tohon da manoma ke sarewa duk shekara lokacin sassabe ba ciyawa ba ne, kututturen itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Sai ka zaɓi toho biyu uku masu ƙarfi ka bari, ka datse sauran, abin da ake kira sassabin zamani kenan. Amma fa abin bai yaɗu sosai ba sai da manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, malaman daji ba za su ci shi tara in ya sari reshe ba. Yau ana maganar itatuwa wajen miliyan 200 a hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, yawanci Maraɗi da Damagaram, kuma ba motar dashe ce ta kai su ba. Shi gawo ma ai dabara gare shi, da damina yake zubar da ganye, gero ya samu rana da taki a gindinsa, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa.

Shekara ta gaba muka bar lasifika a gida. Muka shiga gida gida da wata abokiyar aikinmu tana tambayar mata me suke so, kusan duk zogale da mangwaro da kuka suka ce, darbejiyarmu ba wanda ya ambata. Kowa ya dasa a tsakar gidansa inda ruwan alwala da na wanke-wanke ke zuba. Na bakin makaranta da masallaci kuma sarkin noma ya kira gayya, liman ya kawo hadisin nan cewa duk musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi.

Alawus ɗin nan kuwa har yanzu ina nadamarsa, don ranar gayyar wasu matasa sun tsaya gefe suna tambaya ko bana ma akwai ɗan wani abu, sai da mai unguwa ya ɗauki jarka da kansa ya nufi rijiya sannan suka bi shi.