Yadda na daidaita tsohuwar kalifata ta dijital

Kalifata, wato na'urar awo mai muƙamuƙai da ke nuna lamba, mai tsawon milimita 150 ta daɗe a hannuna, har rubutun jikinta ya soma gogewa. Da ita nake auna kaurin ƙarfe da faɗin rami da zurfinsa. Kwanakin baya ta fara yi mini wasa da lamba. In na maimaita awon abu ɗaya sai ta ce 19.96, ta koma 20.03, ta dawo 19.99. Wani lokaci ina cikin jan kan da ke zamewa a jikin sandarta lambar ta yi tsalle da milimita biyar da 'yan kai. In na rufe bakin na danna sifili ta nuna 0.00, amma ina buɗewa in sake rufewa sai ga 0.04.

Yawancin irin wannan kalifa ba ta da wani maɓalli da ake murɗawa a gyara lissafinta. A ƙarƙashin takardar da aka manna a jikin sandar akwai jerin ƙananan faifan tagulla, an shimfiɗa su da tazara ɗaya, a yawancinsu milimita 5.08. Cikin kan da ke zamewa kuma akwai ɗan allon lantarki da ke jin waɗannan faifan yana ƙirga su yayin da yake wucewa. Tazarar nan tun daga masana'anta take, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Maɓallin sifili ba ya gyara komai, yana gaya mata inda za ta fara ƙirga ne kawai. Tsallen da nake gani kuwa tazara ɗaya ce ta kuɓuce mata. Saboda haka na bar maɓalli, na koma neman abin da ke hana ta ƙirga daidai.

Da batir na fara. Wanda ke ciki LR44 ne, irin wanda ƙarfinsa ke sauka a hankali tun yana sabo. Na sa SR44, girmansu ɗaya amma shi yana riƙe bolt 1.55 ɗinsa har kusan ƙarshen rayuwarsa. Kafin in sa shi na bar gurbin babu batir kamar minti ɗaya don ta manta abin da ta riƙe, na kuma kankare wani koren tsatsa da ya taru a ɗan ƙarfen da ke taɓa batirin. Da yawa daga cikin masu araha ko an kashe su fuskar da ke nuna lamba ce kaɗai ke mutuwa, ciki na nan yana shan wuta, shi ya sa batirinsu ba ya jimawa.

Ƙiftawar lamba ta daina, tsallen bai daina ba. Sai na kwance ƙananan sukurorin da ke bayan kan, na ɗaga shi a hankali. A kan allon na tarar da wani baƙin maiƙo, haɗin mai da gumin hannu da garin ƙarfe mai laushi, ya kwanta daidai kan layukan da ke karanta sandar. Robar da aka sa don ta share datti kafin ya shiga ta bushe ta ƙage. Na jiƙa auduga da sifirit na goge allon da sandar har audugar ta daina baƙi, na bar su suka bushe sarai. Kada a kusanci wurin nan da wuƙa ko takardar gurza, kuma kada a zuba mai a fuskar sandar. Danshi kaɗan ma ya isa ya rikita karatun. Ɗigo ɗaya na mai mara kauri a gefen da ƙarfe ke gugar ƙarfe ya wadatar. Daga nan tsalle ya ƙare.

Saura bambancin nan na 0.04, kuma shi ya fi cin lokaci. Na kama kan na girgiza shi sama da ƙasa, na ji yana motsi. A saman kan akwai sukurori biyu ƙanana da ke danne wani siririn ƙarfe a jikin sandar, shekaru sun cinye shi ya saki. Wannan motsi ba ƙaramin abu ba ne, domin ma'aunin yana jikin sanda, abin da ake aunawa kuma yana can ƙasa tsakanin muƙamuƙai. In kan ya karkata, tsinin muƙamuƙi zai gusa alhali allon bai ga komai ba. Ernst Abbe, masanin kimiyya Bajamushe, ya bayyana wannan tun 1890: awo ya fi inganci in ma'auni da abin aunawa suna kan layi ɗaya. Maikuromita, na'urar awon da ake murɗawa kamar sukuru, ta cika wannan sharaɗi, kalifa ba ta cika ba. Na ɗaure sukurorin har kan ya cije, sannan na sassauta kowanne kaɗan-kaɗan, ina ja daga farko zuwa ƙarshe, har ya zama yana tafiya sumul babu girgiza.

Sai bakin kansa. Na matse farar takarda tsakanin muƙamuƙan na zare ta, ta fito da baƙin layi. Na rufe su na ɗaga wajen haske. Daga gindi har tsakiya babu ko ƙyalli, amma a tsini ga wani siririn haske kamar silin gashi, ga kuma ɗan ƙarfe da ya lanƙwaso a gefe, alamar ta taɓa faɗuwa. Shi na share da dutsen wasa mai laushi ta gefe kawai. Fuskar da ke taɓa abin awo ban taɓa ta ba, don duk abin da aka ci a wurin ba ya dawowa.

Komawarta sifili ba hujja ba ce cewa tana faɗin gaskiya a milimita 50 ko 100, dole a gwada ta da abin da aka san girmansa. Na aro tubalan awo na ƙarfe, waɗanda aka ƙera da girma sananne daidai, na ajiye su kusa da ita suka huce tare. Ana ƙayyade irin wannan awo ne a zafin digiri 20, kuma tubalin milimita 100 in ya ɗau ɗumin hannu na digiri 10 yana ƙaruwa da kusan 0.01. Na 25 ya ba ni 25.00, na 50 ya ba ni 50.01, na 100 ya ba ni 100.01, da matsi mara ƙarfi na babban yatsa. Wanda ba shi da tubalan, sabon boris lamba 6204 zai yi masa aiki: wajensa 47, raminsa 20, kaurinsa 14. Da raminsa na gwada ƙananan muƙamuƙan awon ciki, tunda su lalacewarsu daban take. Gindin bakin injin huda kam ban yarda da shi ba, sau da yawa yana ɗan gaza lambar da aka rubuta masa.

A tsini har yanzu tana rage 0.03, wannan cin ƙarfe ne, ba abin da zai mayar da shi. Na rubuta hakan a takarda na sa cikin akwatinta, kuma ina cusa abin awo can kusa da gindin muƙamuƙi duk inda hali ya yi. Masu ƙera ta ma alkawarin da suka yi bai wuce kuskuren 0.02 ko 0.03 ba, duk da fuskar na nuna 0.01. Aikin da ke neman fiye da haka, maikuromita nake ɗauko masa.