Lamba 725 da abin da bayanin manhaja bai faɗa ba

Wakilin ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ke karɓar tambaya ta kira wasu manhajoji don samo amsa, ba ya ganin inji, ba ya jin ƙararsa, ba ya kuma kai hannu jikinsa ya ji ko ya ɗauki zafi. Abin da ke gabansa shi ne jerin ƙananan manhajojin da aka ba shi izinin kira, kowacce da sunanta, da 'yan layukan da ke bayyana aikinta, da tsarin abin da take karɓa. Haka ƙa'idar Model Context Protocol, wadda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamba na 2024, ta tsara lamarin. Saboda haka waɗannan 'yan layukan su ne idon wakilin, kuma su ne na ga an fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Ni ma na taɓa yin hakan. Na rubuta wa wata manhaja bayani cewa tana karanta ƙimar rajista, wato gurbin da ake ajiye lamba, daga na'ura, na ga ya wadatar. Da aka tambayi wakilin zafin wani injin matsa iska, sai ya karanto 725, ya ba da rahoton cewa injin ya kai digiri 725, alhali ainihin zafin digiri 72.5 ne a ma'aunin Salshiyas. Laifin nawa ne. Modbus, tsarin sadarwar da na'urar ke amfani da shi, wanda kamfanin Modicon ya ƙirƙiro a 1979, yana ajiye bayani ne a rajista mai bit 16, babu ɗigon ɓangare, babu sunan ma'auni, don haka masu ƙera na'ura kan ninka ƙimar sau goma su rubuta hakan a littafin na'urar. Wakilin bai taɓa ganin littafin ba. Akwai kuma tsohuwar matsalar adireshi, inda rajistar da littafi ya kira 40001 ita ce ta sifili a kan waya, wanda bai sani ba sai ya karanta maƙwabciyarta.

Daga nan na daina auna ingancin bayani ta hanyar sake karanta shi, domin wanda ya rubuta abu yana cike giɓinsa daga abin da ke kansa ba tare da ya lura ba. Yanzu ina tara tambayoyi ne kamar yadda makanikai ke yin su, irin su “injin nan na biyu yana zafi ne?” ko “yaya ya kwana jiya?”, sannan in duba wace manhaja wakilin ya zaɓa, me ya tura mata, me ya faɗa daga baya. Ina maimaita kowace tambaya sau da yawa, tunda amsarsa takan sauya, kuma idan zan yi gyara jimla ɗaya nake taɓawa kafin in sake gwaji. Manhajoji biyu masu kama da juna, ta ƙimar yanzu da ta tarihin ƙima, sukan ruɗa shi, sai an rubuta ƙarara lokacin da bai kamata a kira kowacce ba.

Gwajin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne na ɓataccen bayani. Na'urorin aune-aune da yawa suna aika saƙo ne da lantarki tsakanin miliamfiya 4 zuwa 20, an kuma fara daga 4 ne da gangan domin a bambance ƙimar sifili da tsinkewar waya. Shawara mai lamba NE 43 ta NAMUR, ƙungiyar masu amfani da irin waɗannan na'urori a masana'antu, ta ɗauki miliamfiya 3.6 zuwa ƙasa a matsayin alamar matsala. OPC UA, wani tsarin sadarwar na'urori, ya fi Modbus kirki a nan, domin yana haɗa kowace ƙima da lokacin da aka ɗauke ta da kuma hukuncin ingancinta, ko mai kyau ce, ko mai shakku, ko ɓatacciya. Amma idan bayanin manhajar bai ce a duba waɗannan ba, wakilin zai iya ɗauko ƙimar da ta daskare tun da asuba ya miƙa ta da azahar, cikin natsuwa da kyakkyawar Hausa, kamar yanzu aka auna. Shi ya sa nake tsinke wayar da kaina a na'urar gwaji, in ga ko zai ce bayanin nan ba abin dogaro ba ne.

Batun rubutu cikin na'ura kuwa ban bar wa bayani shi ba. Modbus na asali ba ya tambayar wane ne ke magana, kuma umarni na 03 karatu ne yayin da na 06 ke sauya ƙimar rajista. Alamar karatu kawai da ƙa'idar Model Context Protocol ta tanada nuni ce, ba kwaɗo ba ce, don haka na cire umarnin rubutu gaba ɗaya daga manhajar da wakilin ke kira.