Godiya bayan arba'in, ga waɗanda suka riƙe ni da ciwon suga ya same ni da ciki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Jiya na karɓo sakamakon gwajin da aka ce in koma in yi bayan sati shida da haihuwa, kuma alhamdu lillahi suga ya koma daidai. Shi ya sa sai yau kuke ganin wannan godiyar, alhali an yi suna tun farkon Mayu, mun yi arba'in, har Babbar Sallah ta zo ta wuce. Cewa na yi ba zan buɗe baki ba sai na ga takardar nan da idona. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, da waɗanda suka turo barka ban amsa ba, ku yi mini afuwa. Ina gani, ƙarfin amsawa ne babu.

Da yawa cikinku kun ga na rame, kun ga na daina zuwa biki, amma ba ku san dalili ba. A farkon Fabrairun 2025, cikina yana sati 26, aka yi mini gwajin nan da ake kwana ba a ci komai ba. Da safe aka ɗebi jini, aka ba ni ruwan suga mai giram 75 na shanye, zaƙinsa har maƙogwaro, aka sake ɗiba bayan awa ɗaya, aka kuma bayan awa biyu. Na farko ya nuna 5.9, na ƙarshe 9.4. Daga baya na san cewa a ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013, mai ciki in na safenta ya kai 5.1, ko na awa ɗaya ya kai 10.0, ko na awa biyu ya kai 8.5, to tana da ciwon suga na masu ciki. A ranar dai ba wanda ya gaya mini haka. Wadda ta miƙo mini takardar ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Kina da suga, sai ki rage ci, in ba haka ba ki kashe ɗanki." Ta kira ta bayana.

Na yafe mata, na san layin ranar ya kai bakin ƙofa. Amma maganar nan ta kusa kayar da ni. A Adaidaita Sahu na yi ta kuka cikin hijabi har gida. Innata ciwon suga ne ajalinta, na ga yadda ƙafarta ta yi, don haka ni a wurina an yanke mini hukunci ke nan. Sati guda cur ban ci komai ba sai kwaɗon zogale da kokwamba. Tuwo ko kallonsa ba na yi. Jiri ya rinƙa ɗibana, cikin ya rage motsi, ni kuma ina ganin ai kare shi nake yi.

Godiyata ta farko bayan ta Allah tana wurin Sistar da ta gan ni a bencin jiran awo sati na gaba, ta ce, "Ke kuwa lafiya? Taso mu je ciki." Ba ta so in faɗi sunanta, kuma zan kiyaye. Ta tambaye ni me nake ci, na faɗa mata, ta riƙe baki. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta juya bayan katin awona ta fara zane da biro. Ta ce in ɗauka suga kaya ne da aka sauke a bakin kasuwa, insulin kuma ɗan dako ne da yake kwashewa ya shigar kowane shago. Mabiyiya, wadda take ciyar da yaro a ciki, tana sakin wasu sinadarai da suke sa jiki ya ƙi ba wa ɗan dakon nan hanya, kuma abin yana ƙaruwa ne daga wata na shida zuwa sama. Kowace mai ciki haka take, sai dai jikin wata yana iya ƙaro 'yan dako su wadatar, na wata ya gaza. In ya gaza, kaya ya taru a hanya, wato a jini. Daga nan ya bi cibiya ya tafi wa yaro, jikin yaron ya yi nasa insulin mai yawa, ya tara kitse, ya yi girman da kafaɗarsa za ta iya maƙalewa wajen fita.

Nan na tuna haihuwata ta biyu. Yaron kilo 4.4 ya zo, na kwana biyu ina naƙuda, 'yan barka suna ta cewa ma sha Allah, ƙato kamar ɗan wata uku. Ba wanda ya ce a duba ni. Sista ta ce wannan tarihin, da na Innata, su kaɗai sun isa a ce tun farkon ciki aka gwada ni. Sai ta dafa gwiwata ta ce, "Ba shan zaƙinki ne ya jawo ba, kuma yunwa ba magani ba ce. Yaron nan abinci yake so." Wallahi a daren ranar na yi barcin da rabona da shi tun ran gwajin. Bayanin nan bai fi minti ashirin ba. Har yanzu ina mamakin yadda asibitocinmu suke da kuɗin ruwan gwaji da sirinji, amma minti ashirin ɗin nan ne yake gagara.

Ina godiya ga malamar abinci ta asibitin, wadda ba ta kawo mini sunan wani abincin Turawa da ban sani ba. Faranti ta ɗauko ta ce rabinsa ganye da miya, zogale, rama, alayyafo, kabeji, kuɓewa, kuka. Kwata nama ko kifi ko ƙwai ko wake. Sauran kwatan tuwo, malmala daidai dunƙulen hannuna, kuma gara na dawa ko alkama ko acca a kan na shinkafa. A ci kaɗan-kaɗan sau shida, ba a cika ciki sau biyu ba. Lemon kwalba, zoɓo mai sukari, shayi da madarar gwangwani mai zaƙi, duk a ajiye. Da na ce mata ai ni zuma nake sawa, ta yi dariya ta ce zuma ma sukari ce, ta sa rawani ne kawai. Abin da ya fi ba ni mamaki koko ne. Kofi ɗaya da safe sai in ga lamba ta haura 9, amma ɗanwake da ƙwai da kabeji bai taɓa kai ni nan ba. Fura kuwa rabin dunƙule da nono marar sukari, shi ma ba kullum ba.

Maigida, Abban yara, ban san da wane baki zan gode maka ba. Kai ka sayo na'urar gwaji, kai kake neman tsinkenta duk tsadarsa, wani lokaci na san sai ka rage a kuɗin mai. Sau huɗu nake huda yatsa a rana, da asuba da bayan kowane babban abinci, kai kake rubutawa a littafin makarantar Yayansu da ka yage wa shafukan farko. Ka haddace cewa na asuba kada ya kai 5.3, na awa biyu bayan abinci kada ya kai 6.7, har ka fi ni damuwa da su. Kuma kai ne kake tasa ni gaba bayan tuwon dare mu zaga layinmu na minti goma sha biyar, maƙwabta suna leƙe suna cewa tsofai-tsofai da su an koma amarci. Ba ka taɓa nuna ka ji kunya ba.

Da abinci da tafiya suka kasa sauko da na asuba, likita ya ce sai an haɗa da allurar insulin da dare. Nan wani sabon tsoro ya tashi, don kowa da abin da yake faɗa. Wata ta ce in aka fara ba a dainawa har mutuwa, wata ta ce tana nakasa yaro. Likita, Allah Ya ƙara maka ilimi, ka zaunar da mu ni da maigida ka ce insulin ba ya ƙetare mabiyiya ya kai ga yaro, abin da yake ƙetarawa shi ne sugan da aka bari ya yi yawa. Ka ce mafi yawan mata da mabiyiya ta fita suke ajiye allurar, kuma haka aka yi da ni. Ban manta ba kuma, duk zuwa bayan ka gama duba littafi sai ka ce, "To ya barci? Kina yawan kuka?" Ran farko na ji nauyin amsawa, daga baya na gane tambayar tana cikin magani.

Yayata, uwargidana, mutane suna cewa kishiya ba ta zama 'yar'uwa, ni dai na ga akasin haka. Ranar girkinki tukunya biyu kike ɗorawa, ba ki taɓa yin tsaki ba. Ke kika kawo dabarar insulin da zafin Afrilu ya zo, wuta ba ta zama, firij ya koma kabad. Kika sa kwalbar a 'yar roba mai murfi, kika binne a jiƙaƙƙen yashi cikin tukunyar ƙasa a gindin randa, muka tambayi Sista ta ce hakan ya fi barinta a ɗaki nesa ba kusa ba. Sannan daren nan da na yi allura na kasa cin abincin kirki saboda tashin zuciya. Wajen ƙarfe biyu na farka gumi ya jiƙa ni sharkaf, hannuna yana rawa, harshena ya yi nauyi. Abban yara yana ɗakinki. Da ƙyar na buga bango. Ke kika fara shigowa, ko ɗankwali babu, kika huda mini yatsa da kanki, na'ura ta nuna 3.4. Kika dama sukari cokali uku a ruwa kika ɗura mini, kina cewa, "Sha, yau dai an halatta miki." Kika zauna da agogo a hannu har minti goma sha biyar, muka sake gwadawa, sannan kika kawo mini burodi da gyaɗa. Ashe ranar da kika raka ni asibiti duk abin da Sista take faɗa kina ɗauka. Allah Ya raya miki zuri'a, Ya sa su yi miki fiye da haka.

Hajiya, surukata, ki yafe mini ɓacin ran da na sa ki da farko. Kin ce a zamaninku mai ciki cin mutum biyu take yi, ba a auna mata tuwo kamar ɗan kurkuku. Kin aiko da jiƙe-jiƙe a galan, ban sha ba, kin ji haushi. Amma da kanki kika ce a kai ki ki ji daga bakin likita, kuma tun da kika dawo kika zama mai gadina. Duk wadda ta shigo da alkaki ko nakiya a ƙofa kike tare ta. Lokacin jego ma da aka ce a bar kunun kanwa saboda jinina da ya ɗan hau, ke kika tsaya wa 'yan'uwa, kika ce jikarki ta fi al'ada.

Azumin 2025 ya kama 1 ga Maris, ina cikin wata na bakwai. Ban taɓa shan azumi da gangan ba tun da na balaga, kuma da likita ya hana ni sai na ji kamar an cire ni daga cikin mutane. A ji ƙamshin kunun tsamiya da ƙosai, kowa yana jiran kiran salla, ni kuwa ina ɓuya a ɗaki da rana ina cin dafaffen ƙwai. Malamarmu ta Islamiyya, na gode da kika tako har gida. Kika tuna mini cewa Allah da kansa Ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara, kuma mai ciki da mai shayarwa an sauƙaƙa musu, karɓar rangwamen ma biyayya ce. Kika ce in riƙe karatu da sadaka, ramuwa tana nan zuwa. Sai a lokacin na daina cin abincina kamar ɓarauniya.

Sai matan benci, 'yan'uwana na ranar Talata. Mu bakwai ne masu irin wannan lalurar, muka saba tun muna kunyar juna har muka koma musayar littafi, kowa tana duba lambobin 'yar'uwarta. A nan ne kawai zan ce na saci waina biyu jiya a yi dariya, ba a zare mini ido ba. Akwai baiwar Allah da take zuwa daga ƙauye, mota biyu take hawa, ta rasa 'ya'ya biyu a ciki duk a watan haihuwa, ana ce mata iska ce, sai a wannan cikin aka gano suga ne. Ita ce ta fi mu natsuwa, ita take lallashin sabbin zuwa. Ta riga ni sauka da sati biyu, namiji, yana nan da ransa. Ranar da labari ya zo benci gaba ɗaya sai da muka yi kuka.

Ni kuma a sati na 38 aka tayar mini da naƙuda, na haihu da kaina, mace, kilo 3.3. Ungozomar da ta karɓe ta ta ɗora mini ita a ƙirji tun kafin a gama gyara ni, ta ce in ba ta nono yanzu, dakashin ma shi ake so. Dalili kuwa, an yanke cibiya sugan da take samu daga jikina ya tsaya, amma nata insulin yana nan da yawa, sai sugan jaririya ya faɗi. An huda diddigenta sau uku a ranar farko, duk lafiya. Na gode muku ku da kuka kwana a kanmu. An mayar mata da sunan Innata, muna kiranta Ummi.

Likita bai ɓoye mini ba cewa wadda ta yi wannan tana cikin haɗarin kamuwa da ciwon suga na dindindin nan gaba, don haka gwaji duk shekara, kuma in Allah Ya sake kawo rabo a fara dubawa tun farkon ciki. Farantina dai yana nan yadda malamar abinci ta raba shi, yanzu ma gidan duka a haka ake zubawa, yara suna ƙorafin ganye ya yi yawa. Na'urar gwajin kuwa tana hannun ƙanwar wata maƙwabciyarmu da aka gano nata makon jiya, na kuma yi mata zanen ɗan dako a bayan katinta, duk da nawa bai kai na Sista kyau ba.

'Yan'uwa da abokan arziki da kuka zo barka da suna, daga nan Kano da Zariya da Katsina, da dangin Inna da suka taso tun daga Maraɗi, Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya jiƙan iyayenmu. Akwai kuloli biyu na abinci da aka bari tun ran suna, ɗaya ja ɗaya mai ruwan ƙasa da murfin da ya tsage, har yau ba mu san masu su ba. Suna ɗakin Yaya, mai su ta aiko a ɗauka.