Abin da Ɗan Sandan Ƙaramin Gari Yake Yankewa Kafin Magana ta Kai Kotu

Mu mazauna cikin birnin Kano mun saba ganin ɗan sanda a matsayin baƙo, mutumin da ake haɗuwa da shi a shataletale ko a shingen bincike, a rabu ba tare da an san sunansa ba. Da zarar mutum ya fita gefen gari kuwa, ya kama hanyar Gezawa ko Dawakin Tofa ko Kura, ko ya shiga ƙananan ofisoshin da ke unguwannin bakin birni a Ungogo da Kumbotso, sai ya tarar da wani yanayi dabam. A can kowa ya san gidan da Saje yake haya, an san shagon da yake karɓar bashin kayan masarufi kafin albashi ya zo, an kuma san sahun da yake tsayawa a masallaci. Wannan sanayya tana sauƙaƙa masa aiki, domin labari yana iso masa tun kafin ya nema, amma ita ce kuma take ɗaure masa hannu, tun da wanda zai kama da safe wataƙila ɗan mai gidan da yake haya ne. Hausawa na cewa ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum.

Yawancin abin da ake kawowa gaban kanta a irin waɗannan ofisoshi ba fashi da makami ba ne. Akuya ce ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, ko uwar adashi ta kasa fitar da kwasar wata, ko maƙwabta sun saɓa a kan iyakar fili da magudanar ruwa, ko matuƙin adaidaita sahu ya tara balas bai kai wa mai babur ba, ko kuma yaro ya ɗauki wayar wani a majalisa. Kowace daga cikinsu tana buƙatar wanda yake bakin aiki ya yanke shawara nan take, wato ya tantance ko laifi ne ko saɓani, ko a tsare mutum ko a sallame shi, ko a tura su kotu ko a kira mai unguwa. Babu alƙali a wurin, babu lauya, sau da yawa ma DPO, wato shugaban ofishin, ba ya kusa. A ganina wannan shawara ta farko ita ce ainihin aikin, kuma ita ce aka fi ƙarancin tattaunawa a kanta idan ana maganar gyaran rundunar 'yan sanda.

Na taɓa raka wani maƙwabcina ɗaya daga cikin waɗannan ofisoshi domin ya kai rahoton ɓatan takardun babur ɗinsa, muna zaune a kan benci muna jira sai wani ɗan kasuwa ya shigo riƙe da hannun rigar wani magidanci. Ƙorafinsa shi ne ya ba mutumin buhunan masara bashi tun kafin damina, an yi alkawarin biya da kaka, ga shi har an shiga sanyi babu kuɗi babu masara. Abin da yake so a fili yake, a jefa mutumin bayan kanta ya kwana, danginsa su ji zafi su haɗo kuɗin. Sajen da ke kanta, dattijo mai furfura a gemu, ya saurare shi har ya gama, sannan ya tambaye shi: "Alhaji, sace maka ya yi, ko kai ka auna masa da hannunka?" Alhaji ya amsa cewa shi ya ba shi. Saje ya juya ga wanda ake ƙara ya ce: "Malam, kana musun bashin?" Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce: "Ranka ya daɗe, ba na musu, gonar ce ba ta yi ba." Sai Saje ya buɗe littafin da ke gabansa ya rubuta sunayensu da abin da ya kawo su, ya shaida wa Alhaji cewa ba shi da ikon tsare mutum saboda bashi, amma idan sun yarda za a aika a kira mai unguwarsu su tsara yadda za a biya a gaban shaidu, idan kuma bai gamsu ba ƙofar kotu a buɗe take. Alhaji ya fita yana faɗa, yana tambayar mene ne amfanin 'yan sanda idan ba za su karɓar wa mutum haƙƙinsa ba.

Sajen nan bai yi wa kowa alfarma ba, doka ya bi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1943, ta hana kama mutum saboda saɓanin ciniki ko karya yarjejeniya kawai, haka nan Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda jihar Kano ta yi irin tata a 2019. Dokokin sun kuma haramta kama wani a madadin wani, al'adar nan ta a tafi da uba ko mata har sai wanda ake nema ya miƙa kansa. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce wanda aka tsare a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, idan babu kuma cikin kwana biyu. Abin lura a nan shi ne matsin lambar a karya waɗannan ƙa'idoji daga wurinmu yake fitowa sau da yawa, mu jama'ar da muke zagin 'yan sanda a majalisa, amma ranar da wani ya riƙe mana kuɗi caji ofis muke nufa saboda mun san tsoron ɗaki ya fi sammacin kotu saurin aiki.

Sai dai sararin da ya ba wancan Saje damar yin daidai shi ne yake ba wani damar yin ɓarna. Ana rubuta cewa beli kyauta ne a bangon ofisoshi, amma duk wanda ya taɓa zuwa fitar da ɗan'uwansa ya san zancen kuɗin takarda da kuɗin mai. Akwai kuma dabarar kamun yammacin Juma'a, inda ake tsare mutum a kan ƙaramin abu da sanin cewa kotuna ba za su zauna ba sai Litinin, domin iyalinsa su zo a daidaita. Gaskiya ne cewa ƙananan ofisoshi suna fama da rashin kayan aiki, har ta kai mai ƙara ne yake sayen fetur ɗin da za a je a duba inda aka yi masa sata, kuma wannan gazawa ce ta hukuma da bai kamata a ɗora wa kofur ba. Amma daga ranar da mai ƙara ya fara biyan kuɗin bincike, binciken ya fara karkata ga mai abin hannu, talakan da ba shi da ko na mota kuwa ƙararsa ta tsaya a littafi.

Ga kuma kiran waya. Kafin a gama rubuta bayanin yaron da aka kama, kansila ya kira, ko wani na kusa da shugaban ƙaramar hukuma, ko wani attajirin da ya taɓa gyara wa ofishin mota. Tarihi ya bar mana wani abu a nan. A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya, 'yan sandanta da ake kira 'yan doka a ƙarƙashin sarakuna suke, kuma an yi ta kuka da yadda aka yi amfani da su a kan 'yan adawa, musamman magoya bayan jam'iyyar NEPU a nan Kano. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta narkar da su cikin rundunar tarayya, yau kuma sashe na 214 na Kundin Tsarin Mulki ya tanadi runduna ɗaya tak ga ƙasar baki ɗaya. Umarni yana saukowa daga Abuja zuwa hedikwatar rundunar jihar Kano da ke Bompai, daga nan zuwa ofisoshin yanki, amma ɗan sandan ƙaramin gari ya san cewa waɗanda za su iya sa a yi masa canjin wurin aiki suna zaune ne a garin da yake. Ba kuma zai iya yanke hulɗa da masu gari ba, domin mai unguwa da dagaci da 'yan sintiri su suka san baƙon da ya sauka jiya da kangon da 'yan daba suke taruwa. Abin da ake nema gare shi, kuma mai wuya ne, shi ne ya karɓi labari daga wurinsu ba tare da ya karɓi umarni ba.

Inda na fi jin tsoron sulhu shi ne inda ake kiransa rufin asiri. Sasanta masu rikicin iyakar gona alheri ne, doka ma ta yarda a daidaita a kan wasu ƙananan laifuka. Amma idan an yi wa yarinya fyaɗe, ko an sari mutum da makami wajen ƙwacen waya, sai dattawa su zo da manyan riguna su ce a bar wa Allah, a kashe maganar a cikin gida saboda zumunci, to ɗan sandan da ya amince ya sayar da haƙƙin wanda ba shi da bakin magana, ya kuma mayar da mai laifin unguwa ya sake. Irin wannan magana wurinta sashen binciken manyan laifuka da kotu, ko da kuwa duk garin zai daina gaishe shi.

Wani tsohon Sufeto da muke sallah tare, wanda ya yi yawancin aikinsa a ƙananan garuruwan jihar nan, ya ba ni labarin abin da ya ce ya fi ba shi wahala, wato uban da yake kawo ɗansa da kansa ya ce a kulle shi ya ji jiki saboda shaye-shaye ko satar kayan gida. Ya ce idan ka ƙi, uban zai ce hukuma ta ƙi taimakonsa, idan kuma ka jefa yaro ɗan shekara goma sha biyar cikin manyan masu laifi, ka haɗa shi da malaman da za su ƙarasa lalata shi. Abin da ya saba yi shi ne ya zaunar da yaron a gefen kanta inda idonsa yake kansa, ya kira uban da wani kawu ko limamin unguwa, a yi magana a gabansa, a rubuta, yaron ya koma gida a ranar da sharaɗin zai riƙa zuwa yana nuna kansa. Wasu sun shiryu, wasu sun dawo da ankwa a hannu bayan 'yan watanni, kuma bai ɓoye mini hakan ba.

Abin da na lura da shi a wurin Sajen da kuma Sufeton shi ne dukansu suna rubutawa. Shawarar da aka yanke a ƙarƙashin bishiya ba tare da ta shiga littafi ba, babu mai iya bin diddiginta gobe, ba a san ko adalci aka yi ko ciniki ba. Dokar 2015 ta ɗora wa majistare nauyin ziyartar ofisoshin 'yan sandan yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kame, ya ga waɗanda ke tsare, ya ba da beli inda ya dace. A cikin birni lauyoyi da 'yan jarida da ƙungiyoyin kare haƙƙi suna kusa, ana iya ɗaga murya a ji a gidajen rediyo kafin azahar. A ofishin da ke nesa da kwalta kuwa, wannan ziyara da wannan littafi su kaɗai ne idon da ke kan mai kanta, don haka duk wanda aka tsare masa ɗan'uwa yana da dalilin tambaya, cikin ladabi, ko an shigar da sunansa da lokacin da aka kawo shi.