Kuskuren da ke cikin faifan Schnabel

Aikina a gidan rediyo shi ne tace sauti. Idan aka ɗauko hira, ni ke zama gaban kwamfuta in cire tari da "eh…eh…" da duk wani numfashi mai tsawo, har magana ta fito sumul. Ina alfahari da hakan, abokan aiki ma kan ce almakashina ba ya barin ko ƙura.

Bara sai maigidana a sashen shirye-shirye ya ce mu haɗa shiri kan mawaƙa da makaɗan da suka bar Jamus bayan 'yan Nazi sun karɓi mulki a 1933. Aka ba ni Artur Schnabel, makaɗin fiyano. Ban taɓa jin sunansa ba. Bayahude ne, an haife shi a 1882 a wani ƙauye da yake ƙarƙashin daular Ostiriya a lokacin, yanzu yana cikin Foland. Tun yana yaro aka kai shi Viyana wurin Theodor Leschetizky, babban malamin fiyano na zamanin, wanda ya taɓa ce masa ba zai zama makaɗin fiyano ba, domin shi mai sanin kiɗa ne. Da na fara karanta maganar na ɗauka gori ne.

Na sauko da faifan da ya ɗauka a Landan, inda tsakanin 1932 da 1935 ya zama mutum na farko da ya naɗi dukkan sonata 32 (dogayen kaɗe-kaɗen fiyano) na Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Jamus. Na zaɓi mai lamba 29, wadda ake kira Hammerklavier, na sa abin ji a kunne. Ban yi minti biyu ba na ji yatsa ya zame, can kuma ya sake. Na ɗauka fayil ɗin ne ya lalace, na sauko da wani, shi ma haka. Har na ja linzamin kwamfuta zan nemi wurin da zan yanke, sai wani dattijo da ya daɗe a ɗakin naɗar sauti ya leƙo ya ce, "Yaro, me za ka yi wa faifan mutane?" Na ce, "Baba, akwai kuskure ne." Ya ja kujera ya zauna.

Shi ya bayyana mini cewa a wancan zamani kai tsaye ake sassaƙa sauti a kan faifan garmaho, kowane gefe bai wuce minti huɗu da wani abu ba, babu yanka babu ɗinki. Ko dai ka yarda da abin da ya fito, ko ka sake daga farko. Daga baya na gano cewa Beethoven ya rubuta a buga ɓangaren farko da gudun bugu 138 a minti ɗaya, saurin da yawancin makaɗa ke ja da baya a kansa, shi kuwa Schnabel ya ce sai ya gwada. Zamewar yatsan nan kuɗin da ya biya ke nan. Na sake saurare, wannan karon na bar farautar kuskure, sai na ji kiɗan yana tafe kamar doki ya ƙwace linzami.

Yana cikin wannan aikin naɗi ne ya bar Berlin, inda yake koyarwa a babbar makarantar kiɗa tun 1925. Ya koma Tremezzo a bakin tafkin Como na Italiya, ɗalibai suka bi shi can, ciki har da wani yaro Ba'amurke, Leon Fleisher, wanda ya fara karatu wurinsa yana ɗan shekara 9. A 1939 Schnabel ya ƙaura zuwa Amurka. Mahaifiyarsa ta tsaya a Viyana. A 1942, tana tsohuwa tukuf, 'yan Nazi suka kai ta sansanin tsare Yahudawa na Theresienstadt, can ta rasu. Bai sake komawa Jamus ba har ya mutu a Siwizalan a 1951.

Abin da ya fi tsaya mini a salon koyarwarsa shi ne yadda ɗalibai ke zama suna sauraron darasin junansu, kowa na jin gyaran da aka yi wa ɗan'uwansa. Ni kuwa idan aka turo mini yara masu koyon aiki, karɓe linzamin nake yi in gyara da kaina, su tafi ba su san me ya faru ba. Yanzu ina zaunar da su ukun tare, ɗaya na yanka, biyu na ji, ni hannuna na aljihu. Da wuya, wallahi.

A makon jiya aka kawo hirar wata tsohuwa da ke ba da labarin ambaliyar da ta cinye gidanta. Ta kai wurin da za ta ambaci jikanta, sai ta yi shiru na daƙiƙa shida. Yarinyar da ke tacewa ta shata wurin, ta ɗora yatsa kan madanni, ta waiwayo. "Oga, in cire?" Na ce ta mayar baya tukuna, mu sake ji.